Yadda ake zaɓen sabon sufurtanda ga babbar gundumar makarantu a Amurka

A Amurka ba gwamnatin tarayya ke tafiyar da makarantun gwamnati ba. An kasa su gunduma-gunduma, kusan 13,000, kowace da hukumarta, kuma galibi jama'ar yankin ne ke zaɓen mambobin hukumar. Ita kuma hukumar ta ɗauki mutum guda ta damƙa masa ragamar komai: malamai, gine-gine, motocin ɗaukar yara, abincin rana, da kasafin da a manyan birane yakan kai biliyoyin daloli. Shi ne sufurtanda. Babu hukuncin da hukuma za ta yanke da ya kai wannan nauyi, kuma yawancin mambobinta sau ɗaya za su yi shi a zamansu kan kujera.

Ba ko'ina ne hukumar ke da wuƙa da nama ba. A birnin Niyok magajin gari ke naɗa shugaban makarantu tun 2002. A wasu yankunan jihohin Fulorida da Alabama jama'a ke zaɓen sufurtanda da ƙuri'a. A Hustan kuwa jihar Teksas ce ta karɓe gundumar a 2023 ta naɗa nata. Bayanin da ke tafe na inda hukuma ce ke ɗauka, kuma da mambobinta muke magana.

Lissafin lokaci

A yawancin gundumomi shekarar kasafi na farawa 1 ga Yuli, kuma ranar ce aka fi son sabon shugaba ya kama aiki. Daga nan za ku ƙirgo baya. Nema mai kyau yana cin wata shida zuwa bakwai: shiri a Oktoba da Nuwamba, talla a Disamba da Janairu, ganawa da masu nema a Fabrairu da Maris, sanarwa a Afrilu. Wanda ya fara a Mayu zai tarar ƙwararrun duk sun sa hannu a wasu wurare. Idan kujerar ta zama babu kowa a tsakiyar shekara, ku naɗa na riƙon ƙwarya, ku kuma faɗa a fili tun ranar ko yana da damar neman kujerar dindindin. In kun yi shiru, na waje za su ɗauka an riga an shafa wa wani mai, ba za su ɓata takardarsu ba.

Ku duba ranar zaɓen hukumar ma. Idan rinjaye zai iya canjawa nan da wata uku, gara a jira, don sababbin mambobi kan kalli wanda suka tarar a matsayin ɗan gidan waɗanda suka kayar.

Ku fara sanin ciwon kafin neman likita

A nan yawancin hukumomi ke tuntuɓe, tun ba a ga fuskar ko mutum ɗaya ba. Mambobi bakwai ko tara, kowa da abin da ya kawo shi: wannan karatun yara ne damuwarsa, wancan haraji, waccan makarantar unguwarsu da ake raɗe-raɗin rufewa. In ba su zauna sun daidaita ba, kowa zai shiga ganawa yana neman mutum daban.

Ku ware yini guda, ku sa ma'ajin gunduma da jami'in ƙididdiga su ɗora waɗannan a tebur: yawan ɗalibai na shekara goma da suka wuce da hasashen biyar masu zuwa, giɓin kasafi da abin da ya rage a asusun ko-ta-kwana, ranar da yarjejeniyar ƙungiyar malamai za ta ƙare, sakamakon karatu na aji uku da lissafi na aji takwas makaranta-makaranta, yawan yaran da ke fashin kashi 10 cikin 100 na kwanakin karatu (wato kwana 18 cikin 180), da jerin gine-ginen da rabin azuzuwansu babu kowa. Alƙaluman nan a haɗe suke. Kuɗin jiha yana bin kan ɗalibi ne, kuma kusan kashi 80 na kasafi albashi ne da alawus-alawus, saboda haka gundumar da yara ke raguwa a cikinta ba ta da inda za ta tsuke sai a ma'aikata ko gine-gine. Shikago ta rufe makarantu kusan 50 a 2013, kuma har yau ana jin zafin abin a unguwannin da ya shafa. In irin wannan aiki ke gabanku, wanda ya taɓa rufe makaranta ya fita da mutuncinsa kuke nema, ba wanda ya iya jawabi ba.

Daga zaman nan ku fito da buƙatu uku, a rubuce, kowa ya amince. In suka kai goma, ba ku zaɓi komai ba.

Sai sauraron jama'a. A yi taruka da yamma bayan an tashi aiki, da tafintoci na harsunan da iyaye ke ji, a kuma keɓe zama daban ga shugabannin makarantu, malamai, direbobi da masu dafa abinci, da ɗaliban sakandare, domin ba wanda zai faɗi gaskiya a gaban ubangidansa. Kada ku tambayi wane irin shugaba suke so. Amsar ɗaya ce a ko'ina: mai gaskiya, mai sauraro, mai son yara. Ku tambaye su abin da bai kamata sabon shugaba ya taɓa ba, da abin da suke so ya gyara kafin shekara ta zagayo.

Dillali

Manyan gundumomi kan ɗauki kamfanin neman shugabanni, irin su Hazard, Young, Attea & Associates ko Ray and Associates, ko kuma ƙungiyar hukumomin makarantu ta jiharsu. Ladan yakan kai dubban daloli masu yawa, ban da kuɗin talla da tafiye-tafiye. Amfaninsu a fili yake: nagartaccen sufurtanda yana da aikin yi, ba ya karanta talla, sai an bi shi da waya. To amma dillali dillali ne, kowane yana da mutanensa da yake zagayawa da su daga gari zuwa gari. Ku rubuta a kwantiraginsa cewa hukuma za ta ga takardun duk wanda ya nema, ba biyar ɗin da ya tace kawai ba. Zai bayyana duk wata hulɗar kuɗi tsakaninsa da mai nema. Zai sake neman kyauta idan wanda aka ɗauka ya tafi cikin shekara ɗaya ko biyu. Kuma ba zai dawo ya zawarce shi zuwa wata gunduma ba.

Batun sirri kuwa dokar jiha ce ke yanke shi, don haka lauyan hukuma ya kamata ya fara magana. A Fulorida takardun masu nema na jama'a ne, ɗan jarida na iya neman su. A Teksas ana iya ɓoye sunaye, amma dole a bayyana wanda ya kai matakin ƙarshe aƙalla kwana 21 kafin ƙuri'ar ɗauka, shi ya sa hukumomin can suka saba fitar da suna ɗaya tak. Kowace hanya da asararta. In aka buɗe, masu riƙe da kujera a wani wuri za su noƙe, don ba mai son hukumarsa ta ji yana neman tafiya sannan a ƙi ɗaukarsa. In aka rufe ruf, jama'a za su ce an yi tuwona maina. Inda doka ta bari, abin da ya fi dacewa shi ne a rufe zagayen farko, a fito da biyu ko uku na ƙarshe su fuskanci iyaye da malamai.

Ganawa

Mutum shida zuwa takwas a zagayen farko sun isa, kowa awa ɗaya da rabi, tambayoyi iri ɗaya, duka daga buƙatu ukun nan. Kowane mamba ya rubuta makinsa kafin a buɗe baki, in ba haka ba mai babbar murya zai ja sauran. Ba a tambayar shekaru, addini, aure ko lafiya. Doka ta hana nuna bambanci a kansu, kuma tambaya ɗaya ta isa a kai ku kotu. Ga na ƙarshe, ku ba su kasafinku na gaske da giɓinsa kwana biyu kafin zama, su zo su nuna inda za su yanke da wanda zai ji ciwo. Mai cewa zai toshe giɓin ba tare da kowa ya ji a jikinsa ba, ko bai karanta ba ne ko yana yi muku daɗin baki.

Tonon silili

Wannan aikin ba a bar wa dillali shi, don shi sai an ɗauki mutum aikinsa ke kammala. Ku ɗauki mai bincike na daban wanda lauyanku zai riƙa karɓar rahotonsa, bayan mai nema ya sa hannu ya yarda, kamar yadda dokar tarayya ta tanada. A tabbatar da kowane digiri daga jami'ar kanta. A duba lasisin shugabancin makarantu na jiharku, ko ko jiha za ta ɗaga masa ƙafa. A duba shari'o'i, rahoton masu binciken kuɗi na gundumar da ya baro, da izinin aiki a ƙasar. A Satumban 2025 jami'an shige da fice suka kama sufurtandan Des Moines, gunduma mafi girma a jihar Ayowa, suna cewa ba shi da izinin aiki, bayan ya yi shekara biyu a kujerar. Gundumar ta maka kamfanin da ya kawo shi a kotu, amma kunyar hukumar ce ta sha.

Alƙaluman nasara ma a sa musu ido. Beverly Hall ta Atilanta ta karɓi lambar gwarzuwar sufurtanda ta ƙasa a 2009 saboda hauhawar sakamakon jarrabawa. A 2011 binciken jihar Jojiya ya gano an yi ta goge amsoshin yara ana gyarawa a makarantu 44. Idan maki ya yi tsalle cikin shekara ɗaya ko biyu, ku gwada shi da jarrabawar ƙasa ta NAEP, wadda ke fitar da sakamakon wasu manyan birane daban, kuma ba ma'aikatan gunduma ke gudanar da ita ba. Ku kuma duba ko yawan masu kammala sakandare ya ƙaru ne saboda an sassauta sharuɗɗa.

Haka batun 'yan kwangila. Barbara Byrd-Bennett, tsohuwar shugabar makarantun Shikago, ta amsa laifi a 2015 kan karkatar da kwangilar sama da dala miliyan 20, ba tare da gasa ba, zuwa kamfanin da ta taɓa yi wa aiki. Ku nemi jerin duk kamfanin da ya taɓa biyan mai nema ko da kuɗin jawabi ne.

Sunayen shaidu da ya ba ku abokansa ne. Ku kira waɗanda bai rubuta ba: shugaban ƙungiyar malamai na can, tsohon ma'ajinsa, mamban hukumar da ya riƙa yi masa adawa. Sannan mambobi biyu ko uku su je garin da kansu su shiga makarantun da ba a shirya musu ba.

Sa hannu kafin sanarwa

A ƙarshen Fabrairun 2018 ofishin magajin garin Niyok, Bill de Blasio, ya sanar da cewa Alberto Carvalho, sufurtandan Mayami, shi ne sabon shugaban makarantun birnin. Washegari, 1 ga Maris, hukumar Mayami ta kira zaman gaggawa. Ɗalibai da iyaye suka yi ta layi suna roƙonsa ya zauna, ana haskawa kai tsaye a talabijin. Ya nemi hutu, ya fita, ya dawo, ya sake fita, daga ƙarshe ya ce ya fasa tafiya. Birni mafi yawan ɗalibai a ƙasar ya wayi gari hannu rabbana. Saboda haka kada a kira 'yan jarida sai an gama daidaita kowane sharaɗi a rubuce, kuma kada a sallami na biyu sai na farko ya sa hannu.

Kwantiragi yakan zama na shekara uku zuwa biyar, gwargwadon dokar jiha. Kalifoniya ba ta yarda ya wuce huɗu ba. Albashi shi jama'a ke kallo (dala 440,000 Los Anjalas ta ba Carvalho da ya koma can a 2022), amma inda kuɗi ke zurarewa shi ne sallama. Fulorida ta ƙayyade kuɗin sallama a albashin mako 20, Kalifoniya a wata 12. Inda babu iyaka, ku sa taku. Ku guji sharaɗin da ke sabunta kwantiragi da kansa duk shekara in hukuma ta yi shiru, don da shi ake wayar gari ana bin gunduma bashin shekara uku. A fayyace laifuffukan da za a iya kora a kansu ba tare da biyan ko sisi ba, a kuma rubuta ko an yarda ya yi aikin ba da shawara a waje.

Ƙuri'ar ƙarshe a bainar jama'a ake kaɗa ta. Rinjayen huɗu da uku a hukuma mai mambobi bakwai ya halatta, amma kujera ɗaya ce tsakanin mutumin da kora, kuma nagari da yawa ba sa karɓar aiki a haka. In kun rabu gida biyu, ku koma kan buƙatu ukun ku sake auna mutanen da su, ko ku tsawaita wa na riƙon ƙwarya ku sake nema. Cikin kwana 90 na farko kuma ku zauna da sabon sufurtanda ku mayar da buƙatun nan ma'auni masu lamba da rana, ku sa ranar auna aikinsa ta farko a kalandar hukuma kafin a buɗe makarantu.