Kar yaronka ya ce "na saya" bai ji farashi ba: kuɗin jami'a da neman shiga da wuri a Amurka

Salamu alaikum 'yan uwa, musamman waɗanda ba su daɗe da sauka ba kuma suna da yaro ko yarinya a aji 12, ajin ƙarshe na sakandare kenan a lissafin nan. Ni a Bronx nake zaune, 'yata ta fari ta wuce wannan matakin, ƙaninta na tafe. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci wani bawan Allah da bai fi shekara biyu da zuwa ba ya tare ni yana murna, wai ɗansa ya tura takardun neman jami'a tun da wuri, malamar makaranta ta ce haka ya fi saurin samu. Na ce Alhaji, mai ɗauri ya cike ko mara ɗauri? Ya tsaya yana kallona. Na ce toh fom ɗin kuɗi fa? Ya ce ai sai an ɗauke shi tukuna sannan a zo maganar kuɗi. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don ni ma haka na zata a farko, mun saba a gida sai sunan yaro ya fito sannan a fara buga-bugar kuɗin rajista. A nan tare ake tura su, kuma wanda ya makara shi ya so.

Yadda abin yake, yawancin yara a farkon Janairu suke tura takardu, amsa ta zo wajen ƙarshen Maris, a ba su zuwa 1 ga Mayu su zaɓi inda za su. Masu shiga da wuri kuma 1 ga Nuwamba ne wa'adinsu, wasu makarantun 15 ga wata, amsa ta fito tsakiyar Disamba. Sai dai shigar wurin iri biyu ce kuma sunayen sun yi kama, nan ake ruɗa mu. Akwai Early Action, wannan kamar ka taya kaya ne a kasuwa, mai kaya ya ce ya sallama, kai kuma ka ce bari in zaga in dawo, ba wanda zai riƙe maka riga, har zuwa Mayu kana da damar ka duba wasu rumfunan. Sai Early Decision, shi ne mai ɗaurin. Makaranta ɗaya tak za ka nema ta wannan ƙofar, yaro ya sa hannu, uba ko uwa su sa, malamar da ke ba yara shawara a makarantarsu ita ma ta sa, cewa in an ɗauke shi zai je kuma zai janye duk sauran takardun da ya tura wasu wurare. Cinikin biri a sama kenan in ba ka yi lissafinka ba tukuna. Harvard da Yale da Princeton da Stanford nasu tsaka-tsaki ne, ba su ɗaure ka sai ka zo ba, amma sun hana ka neman shigar wuri a sauran jami'o'i masu zaman kansu a lokaci guda.

Gaskiya ne ana ɗaukar kaso mafi yawa daga masu ɗaurin, malamar ba ƙarya ta yi ba. Amma a cikinsu akwai 'yan wasa da aka riga aka nema da 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, da kuma masu hali waɗanda ko nawa aka yanka musu za su biya, su ba ruwansu da zaga kasuwa. Mu da muke ƙirga dala ɗaya-ɗaya, babban makaminmu shi ne a watan Afrilu mu baje takardun tallafi huɗu ko biyar a kan tabarma mu ga wacce ta fi sauƙi, har mu ɗauki ta wannan makarantar mu nuna wa waccan mu ce ga abin da aka ba mu, ku fa? Mai ɗauri ya ajiye wannan makamin tun Nuwamba. Eh akwai ƙofar fita, in tallafin da suka bayar bai isa ba za ka iya rubuta musu su sake ka kuma suna saki, amma gurbin ya tafi kenan, ga Disamba ta raba, sauran makarantu saura sati biyu su rufe, in yaro ya riga ya miƙe ƙafa bai shirya komai ba sai ido ya raina fata. Shi ya sa ko ya nemi mai ɗauri a sa shi ya gama sauran takardun ya ajiye.

Ban ce kar a yi ba sam. Ni sharaɗina biyu ne, makarantar ta kasance cikin waɗanda suka yi alkawarin cike duk giɓin da ke tsakanin farashi da ƙarfin iyaye, sannan ku zauna da na'urar lissafin farashi ta makarantar kafin kowa ya sa hannu. Tun 2011 doka ta tilasta wa duk jami'ar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ta samar da wannan kalkuleta, ka zuba abin da kake samu a shekara da yawan iyalinka da abin da ka ajiye, ta fito maka da kimanin abin da za ka biya. Ka ɗauki hoton sakamakon ka adana, zai yi maka rana in takardar gaske ta zo daban. Masu tuƙin tasi ko Uber da masu shago ku sani ta fi yin kuskure a kanku, saboda wasu makarantun sukan dawo da wani ɓangare na abin da kuka cire a takardar haraji su ƙirga shi a matsayin samu, gara ku kira ofishin tallafin ku tambaya da baki.

Kar farashin da aka rubuta ya firgita ku. Manyan masu zaman kansu sun kai wajen dala dubu 90 a shekara in an haɗa da ɗaki da abinci, amma su ne kuma suka fi buɗe hannu. Daga 2025 Harvard ta ce iyalin da samunsu bai wuce dala dubu 100 ba komai kyauta ne, har zuwa dubu 200 kuma ba kuɗin karatu, MIT ma ta ɗauke kuɗin karatu ga waɗanda ke ƙasa da dubu 200. Princeton tun 2001 ta daina cusa bashi a cikin tallafinta. Shiga ce dai mai wuya, ba a gina lissafi a kansu kaɗai.

Fom biyu ne. Na farko FAFSA, na gwamnatin tarayya, kyauta ne, duk wanda ya ce ka biya shi kuɗin fom cutarka zai yi. A al'ada 1 ga Oktoba ake buɗe shi, ko da yake shekarar da suka canza masa fasali sai ƙarshen Disamba 2023 ya buɗe, aka sha wuya. Ɗan ƙasa da mai girin kad da ɗan gudun hijira da wanda aka riga aka ba mafaka duk sun cancanta, amma mai bizar karatu ko wanda shari'ar mafakarsa ke gaban alƙali ba ya ciki. Matsayin yaron ake dubawa ba na iyaye ba, yaron da aka haifa a nan yana da haƙƙinsa ko da uban ba shi da lambar soshal, wato lambar shaida ta Social Security da gwamnati ke bayarwa. Harajin shekara biyu baya suke amfani da shi, wato mai shiga jami'a a 2026 takardun 2024 za a duba. Yaro ya buɗe akawun ɗinsa da imel ɗinsa, uba ko uwa su buɗe nasu daban, kuma dole kowa ya danna amincewa a jawo bayanansa daga hukumar haraji, in ɗaya ya ƙi ba tallafin tarayya. A nan na yi tuntuɓe na farko, a katin soshal sunana Mohammed aka rubuta, ni kuma hannuna ya saba da Muhammad, na'ura ta ƙi gane ni, muka yi kwanaki muna jira ga wa'adi na matsowa, yarinya tana kuka tana cewa Baba ka ɓata min. Ku ɗauko katin ku ajiye a gabanku, harafi bayan harafi. Daga wannan fom ɗin ne Pell ke fitowa, kyauta ce ba bashi ba, mafi yawanta dala 7,395 a zangon 2025 zuwa 2026.

Na biyu CSS Profile, na wata ƙungiya da ba ta gwamnati ba mai suna College Board, shi da yawa daga cikin masu zaman kansu ke nema kafin su taɓa aljihunsu, kuma ga mai shiga da wuri sau da yawa wa'adinsa na kusa da na takardun shiga, kowace makaranta da ranarta, a rubuta a manna jikin firij. Dala 25 ne makaranta ta farko, 16 kowace ƙari, amma kyauta ne ga iyalan da ke zaune a nan in samunsu bai wuce dala dubu 100 ba. Wannan fom ɗin akwai bin diddigi, sai ka ce surukai sun zo bincike. Zai tambayi gidan da kake ciki in naka ne, da shago, da abin da ka mallaka a ko'ina. Gidan da ka gina a Kano ko Maraɗi ko Kumasi, da filin da ka saya ka ajiye, dukiya ce a wurinsu, FAFSA ma tana ƙirga su tunda ba a ciki kake zaune ba. A juya kuɗin zuwa dala a rubuta gaskiya, rantsuwa ce kake sa wa hannu kuma sukan nemi takardu daga baya. In uban yana gida yana aiki uwa na nan da yara kuma auren na nan, samunsa ma sai ya shiga. In an rabu, FAFSA wanda ya fi ɗaukar nauyin yaron take tambaya, amma makarantu da yawa masu CSS sai sun ji daga ɗaya ɓangaren ma. Na san baiwar Allah da uban yaranta ya yi shekaru ko waya ba ya ɗagawa, sai da ta nemi a yafe mata wannan sharaɗin, ta haɗa da wasiƙar liman da ta malamar makaranta, irin wannan a fara shi tun Satumba don ba a kwana ɗaya yake ƙarewa ba.

Akwai wani akwati a fom ɗin CSS Profile da ake rubuta yanayi na musamman, mutanenmu sai su tsallake shi don kunya. Kar ku tsallake. Ba inda lissafinsu ya san kana aika wa tsohuwa kuɗin magani duk wata ko kana riƙe da marayun ɗan uwanka a gida, sai in kai ka faɗa, da adadi, da rasit ɗin aike in an nema. Ba lallai su rage ba, amma wanda ya yi shiru ba a san da shi ba ma. Sannan kuɗin da ke akawun ɗin yaro kashi 20 cikin ɗari FAFSA ke ɗauka a matsayin abin da zai iya bayarwa, na iyaye kuwa bai kai kashi 6 ba, don haka masu zuba kwasar adashi a akawun ɗin yara su yi tunani.

Waɗanda yaransu ba 'yan ƙasa ba ne kuma ba su da girin kad, sau da yawa a matsayin baƙi za a duba su, kuma a mafi yawan makarantu neman tallafi na rage damar shiga. 'Yan kaɗan ne ba sa duba aljihu ko ga baƙo, irin su Harvard, Yale, Princeton, MIT, Amherst da Dartmouth. Duk da haka kar ya ce ba ya buƙata don a ɗauke shi, wurare da yawa baƙon da bai nema tun farko ba ba zai samu a shekara ta biyu ba.

In takardar tallafi ta zo a Disamba a karanta ta da sanyin jiki. Wata makaranta ta aiko wa 'yata tata, can ƙasa an rubuta abin da ya rage mu biya sifili, har mun fara kiran gida ana barka, ashe rabin jerin bashi ne, har da wanda ni uba zan ci da sunana. Kyauta daban, aikin da yaro zai yi a makaranta a biya shi daban, bashi daban. Ɗan shekarar farko dala 5,500 ne iyakar bashin tarayya da sunansa, 3,500 daga ciki gwamnati ke ɗaukar kuɗin ruwansa muddin yana karatu, bayan nan ya dawo kansa. Maganar riba kowa ya je wurin malaminsa, ni dai abin da na sani ba dole ba ne ka karɓa, kana iya amsar kyautar ka bar bashin. Da a ce mai ɗauri ta nema a wannan makarantar da mun shiga tsaka mai wuya, da yake mara ɗauri ce muka ce albarka muka jira Afrilu. Mazauna Niyok kuma kar a raina CUNY da SUNY, jami'o'in gwamnati na birni da na jiha, ga TAP, tallafin karatu na jiha wanda fom ɗinsa daban ne bayan FAFSA, ga Excelsior, shi ma tallafin jiha ne, ga iyalan da ba su wuce dala dubu 125 ba. Yaro mai ƙoƙari daga gidan da ba ƙarfi a duba masa QuestBridge, shirin da ke haɗa irin waɗannan yaran da manyan jami'o'i masu ba da tallafi, sai dai ƙarshen Satumba suke rufewa, tun yana aji 11 ya kamata a sa ido.

Alhajin nan kuwa a motata muka zauna da wayar ɗansa muka duba, mai ɗauri ya cike, kuma shi da kansa ya sa hannu bai san me ya sa wa ba. Muka buga kalkuleta, abin da ta nuna ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Da yake amsa ba ta fito ba tukuna, yaron ya rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai cewa a mayar da takardunsa layin Janairu, suka mayar. Daren nan suka fara CSS Profile, wajen ƙarfe goma sha ɗaya ya kira ni yana tambaya ko gonar gado da ba a raba ba ita ma sai an rubuta, na ce wannan kam gobe da safe ku kira ofishin tallafin ku ji daga bakinsu.