Yadda za ka zauna da 'yan gidanku in a gidan ka samo ciwon

Mu a gidanmu a Garwa tun muna yara mun iya karanta ƙarar moton babanmu. In ya kashe shi a ƙofar gida ya turo a hankali to yau da sauƙi, in kuwa ya shigo da shi har zaure yana ba shi wuta sai kowa ya nemi maɓoya, wallahi har kaji watsewa suke. Mata uku, 'ya'ya goma sha huɗu, tsakar gida ɗaya, mu ne 'ya'yan bora. Ba tonon silili nake ba, Allah ya ji ƙansa mun yafe, na faɗa ne don ku san ba a takarda kawai na karanto abin ba.

Fara da yarda cewa abin da ya faru a gidanku ba daidai ba ne. Wannan ya fi komai wuya a wajenmu, don tun kana ƙarami ake ce maka haƙuri, maƙwabtanmu Fulani su ce munyal, har ka girma kana ganin ai kowane gida haka yake. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, gaskiya ne, amma saɓani daban, gidan da kullum ana zagin uwarka a gabanka daban, ko a saya wa ɗan mowa kayan sallah kai a ce ka jira baɗi, ko uba ya yi wata bai ba da kuɗin cefane ba kuma babu mai ikon tambaya. Kuma abin ba ya tsayawa a yarinta. A Amurka tsakanin 1995 da 1997 an yi wani babban bincike a kan mutum sama da 17,000, aka tambaye su abin da suka gani a gida suna yara, duka, zagi, rabuwar iyaye, shaye-shaye, sai aka tarar wajen kashi biyu cikin uku sun ga aƙalla ɗaya, waɗanda suka ga huɗu ko fiye kuma sun fi saura faɗawa shaye-shaye da ciwon damuwa har da ciwon zuciya. Don haka in kana firgita duk lokacin da aka ɗaga murya, ko ba ka iya cewa a'a, ko ƙaramin abu ya sa ka hau sama kamar fashewar taya, ba aljanu ba ne kuma ba a haka aka halicce ka ba, koya ka yi.

Sai ka ajiye aikin ɗan aike. Duk gidan da ya rikice akwai yaron da ake ce wa je ka gaya wa uwarka kaza, ita kuma ta ce koma ka gaya masa kaza, ni ne na yi wannan aikin tun ina shekara tara, yanzu kuma abin ya koma WhatsApp, Goggo ta turo maka murya ta minti bakwai a kan matar Yaya tana so ka tura gaba. Kada ka tura. Ka ce Goggo ki yi haƙuri, wannan maganarku ce ta manya, ki kira shi ku yi. Za ta ji haushi, za a ce ka yi lekol ka raina mutane, bar su, bayan sau uku ko huɗu za su nemi wani.

Maganar kuɗi kuma a nan mutane da yawa ke nutsewa, musamman wanda ya samu ɗan aiki a Yawunde ko Duwala ko ya tsallaka Kuseri yana kasuwanci a Njamena. Ka yanke abin da za ka iya duk wata, ko sefa 10,000 ne, ka tura wa Inna kai tsaye ta Orange Money ko MoMo a lambarta, kar ya bi ta hannun wani. In kuɗin makarantar ƙanenka ne ka biya a makarantar a ba ka rasit, in magani ne ka saya a farmasi. Wanda ka san tramol zai saya da kuɗin, saya masa buhun gero ya fi ka ba shi a hannu.

To zumunci fa? Nan ne ake ɗaure mu da jijiyoyinmu, da ka ɗan ja baya sai a ce ka yanke zumunta. Ban ce ka yanke ba. Zumunta a ƙafa take, amma ba a ce ka kwana a inda ake cin mutuncinka ba. Je ka gaida su ranar Juma'a bayan masallaci, ka zauna rabin awa, da ka ji an fara ɗauko tsohon zance ka ce Baba zan wuce sai wani jiƙon, ka sa takalminka. A Suratu Luƙman aya ta 15, ko iyayen da suka matsa wa ɗa ya yi shirka cewa aka yi kar ya bi su amma ya zauna da su da kyautatawa, ka ga kenan kyautatawa daban, bin duk abin da aka ce daban.

In rikicin tsakanin iyayen ne kuma suna raye, kar ka hau kujerar alƙali, ba za ka iya ba. Suratun Nisa'i aya ta 35 ta riga ta ba da hanya, mutum ɗaya daga danginsa ɗaya daga danginta. Nemi Bappa ko Kawun da ake jin nauyinsa kuma bakinsa ke da sakata, in ba su sai liman ko jauro ko lawanin unguwa. Ka je kai kaɗai da dare, ba a taron suna ba.

Amma in akwai duka mai fitar da jini, ko za a aurar da yarinya 'yar shekara goma sha uku, ko an watso wa mace kayanta waje da tsakar dare, wannan ya wuce a rufa wa juna asiri. Dokar hukunta laifuka ta Kamaru ta 2016 ta sa auren dole laifi ne mai ɗaurin shekara 5 zuwa 10, korar mace daga gidan aurenta ma laifi ne, Chadi kuma tun 2015 ta hana aurar da wanda bai kai 18 ba. Akwai ofisoshin jin daɗin jama'a na gwamnati da muke ce wa santir sosiyal, a Marwa kuma akwai ƙungiyar ALVF mai yaƙi da cin zarafin mata ta su Aissa Doumara, wadda aka ba lambar yabo ta Simone Veil a Faransa a 2019, aikinsu kenan. In an ji wa mutum rauni a fara kai shi asibiti a karɓi takardar likita, ita ce shaida.

Saura kai da naka gidan, don barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ranar da na ji muryar babanmu ta fito daga bakina a kan ɗiyata don ta zubar da kunu, jikina sanyi ya yi. Abin da nake yi yanzu, in na dawo raina a ɓace ba na shiga, ina tsayawa wajen mai shayin bakin layi minti goma, in na shiga in yi alwala kafin in yi wa kowa magana. Ni da uwarsu mun yi alkawari ba ma faɗa a gabansu kuma ba ma aiken yaro da baƙar magana. In na yi kuskure ina kiran yarinyar in ce Mamana yi haƙuri, Abba bai kyauta ba, ranar farko kallona ta yi ta yi kamar na yi mata Faransanci. Moton kuma a ƙofar gida nake kashe shi in turo.