Yadda Ake Samo Motocin Ɗaukar Fim a Legas da Yadda Ake Aiki da Su

Furodusan da ya saba aiki a Kano, inda sau da yawa aboki ko ɗan'uwa ke ba da aron mota a yi fitowa ɗaya a mayar masa, yakan sha mamaki idan ya zo Legas, domin a nan mota tana iya cinye yini guda na aiki idan ba a shirya mata kamar yadda ake shirya wa jarumi ba.

Matakin farko a kan takarda ake yin sa. A zauna da darakta a bi labarin fitowa bayan fitowa, a ware motocin da kyamara za ta gani daban da waɗanda za su yi jigilar ma'aikata da janareta da fitilu. Kowace motar da za ta fito a fim a rubuta wane ne mai ita a cikin labarin, da kwanakin da ake buƙatarta, da ko za a tuƙa ta ne ko a ajiye kawai za ta kasance. A nan ne kuma ake duba zamani, abin da masu shirya fim da yawa ke yi wa riƙon sakainar kashi. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama ne a watan Afrilun 1972, saboda haka labarin da ya faru kafin lokacin yana buƙatar mota mai sitiyari a dama, tana bin gefen hagu na titi. Fijo 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna daga 1975, da Volkswagen Beetle da aka harhaɗa a Legas a kan hanyar Badagry, su ne suka dace da ma'aikacin gwamnati na shekarun 1980. Keke Marwa kuwa, wato a daidaita sahu, wanda ya samo sunansa daga Buba Marwa da ya mulki Legas daga 1996 zuwa 1999, ba shi da gurbi a labarin da ya girme shi. Haka ma lambar mota: sabuwar lamba a jikin tsohuwar mota tana tona asirin fim nan take.

Sai neman motar. Idan ta alfarma ake so, irin ta alhajin birni, a nufi kamfanonin haya ko dillalan tokumbo, wato motocin hannu da ake shigowa da su daga waje, na kasuwar Berger da ke hanyar Apapa, amma a sani cewa dillali ba ya son a ƙara wa motar sayarwa tafiya, don haka ya fi saurin yarda idan a tsaye za a ɗauke ta. Danfo, wato bas ɗin nan mai ruwan ɗorawa da baƙin layi wadda da ganinta mai kallo ya san Legas ake, a tasha ake samunta, kuma ta hannun shugaban tasha ake bi, ba direba kaɗai ba. A lissafa balas ɗin da direban zai kai wa mai mota a ranar, da abin da shi da yaron motarsa za su samu da sun yi lodi, a ɗora musu wani abu a kai. Tirela da tanka sun fi sauƙi ga Bahaushe, saboda direbobinmu sun cika Apapa, kuma magana ɗaya da wani dattijo a Agege ko Idi-Araba tana iya buɗe ƙofar da kuɗi ba su buɗe ba. Tsofaffin motoci a wajen makanikai ake jin labarinsu, musamman na kusa da kasuwar Ladipo a Mushin. Idan kuwa akwai haɗari a labarin, kada a taɓa lafiyayyar mota. A sayi mushen irinta a wajen 'yan gwangwan na Owode Onirin, a yi mata fenti iri ɗaya, a nuna lafiyayyar kafin karo, mushen bayan karo.

Kafin a biya ko sisi, a kai bakanike ya duba birki da batir da lagireto, domin motar fim tana daɗewa a kunne a wuri ɗaya cikin rana. A ɗauki hotonta ta kowane ɓangare a gaban mai ita, sannan a rubuta yarjejeniya: kuɗin yini, ƙarfe nawa yinin yake ƙarewa, wa zai zuba mai, wa zai tuƙa, wa zai biya idan an ƙuje ta. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin inshorar da aka fi yi wa motocin gida, wadda ta koma naira 15,000 daga Janairun 2023, ɓarnar da aka yi wa wani kawai take biya, ba ta gyara motar da aka hayo.

Daga nan sai izini. Hukumar tace fina-finai ta Jihar Legas ce ke ba da takardar ɗaukar fim, kuma idan aikin zai taɓa zirga-zirgar titi sai an sanar da LASTMA, wato hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta jihar, da ofishin 'yan sandan yankin. Motar da aka yi wa kamannin ta 'yan sanda ba ta fita titi sai da amincewar rundunar a rubuce. Mai fitowar acaɓa ya tuna cewa tun Yunin 2022 aka hana acaɓa a Ikeja da Surulere da Apapa da wasu ƙananan hukumomi, kuma jami'in da zai kama babur ba ruwansa da cewa wasa ake yi. Samarin unguwa ma a ware musu nasu a kasafi tun farko, a kuma sa ɗan unguwar ya yi magana da su.

Ranar ɗauka, safiyar Lahadi ta fi kowace, kafin cunkoso ya farka. Jarumin da zai yi doguwar magana bai kamata ya haɗa ta da tuƙi ba. A ɗora motar a kan ƙaramar tirela ko a ja ta, shi kuwa ya riƙe sitiyari yana wasansa. A kashe na'urar sanyaya mota saboda ƙararta tana shiga makirfo, a goge gilashi, a lura kada inuwar ma'aikata ta bayyana a jikin bodi. Mai kula da kwantiniti, wato dacewar kowane ɗauka da wanda ya gabace shi, ya rubuta inda gilashin taga ya tsaya da ɓangaren da kowa ya zauna, domin ana iya ƙarasa fitowar bayan mako guda. Idan an kammala, a cire lambar bogin da aka saka wa motar domin fim a mayar da ta asali tun kafin a bar lokeshan, a wanke motar, a sake duba ta tare da mai ita ana kwatantawa da hotunan farko, sannan ya sa hannu cewa ya karɓa lafiya.