Yadda Ake Fitar da Kaya Daga Legas Zuwa Kwatano da Accra Ba Tare da Riba Ta Ƙare a Hanya Ba

Takalma da jakunkunan fata ɗinkin Kano nake sayarwa a Agege, kuma tambayar da samarin kasuwa suka fi kawo mini ita ce yadda ake tsallaka Seme, bodar Najeriya da Benin, da kaya. Kafin ka yi zancen boda, ɗan'uwa, fara sanin wane irin kaya ke hannunka.

A nan Legas aka sa hannu kan yarjejeniyar kafa ECOWAS, ranar 28 ga Mayu, 1975. A ƙarƙashinta akwai tsarin ETLS, wanda ya ce abin da aka noma ko aka ƙera a yankin zai shiga ƙasashen ƙungiyar babu kuɗin fito. Amfanin gona da ba a sarrafa ba, da dabbobi, da aikin hannu, ba a neman musu takardar shaidar asali. Albasar Aliero, cittar Kudancin Kaduna, takalmin da baduku ya ɗinka da hannunsa, duk suna nan ciki. Kayan masana'anta kuwa sai kamfanin ya yi musu rajista a kwamitin da ke Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, ya nuna an ƙara musu daraja a gida da aƙalla kashi 30 cikin 100, ko kuma akasarin ɗanyen kayan na yankin ne. Tun wajen sari ka karɓi takardar a hannunsu. Kayan China da ka saro a kasuwar Balogun ba sa ciki, ko da ka sauya musu kwali.

Akwai kuma waɗanda Najeriya ta hana fitarwa: masara, katako, ɗanyar fata. Ta fatar nan na fi so mutane su lura. An hana ka fitar da ita ɗanya, amma in ta zama takalmi hanya a buɗe take. Ni dai ina bayan wannan doka. In ana zancen amfanin buɗe iyakoki, ana yawan kawo mana misalin Poland, wadda ta shiga Tarayyar Turai a 2004 ta rage tazarar arzikin da ke tsakaninta da Jamus. Gaskiya ne, sai dai ita maƙwabta masu kuɗi ta samu, suka zuba mata tallafi da masana'antu. Mu kuwa da Benin da Togo, jirgi ɗaya ne ya kwaso mu. Cinikin da ƙasashen Afirka ke yi da juna bai kai kashi 20 cikin 100 na cinikinsu ba, na Turai ya haura 60. In ɗanyen kaya za mu riƙa miƙa wa juna, kuɗin jima da na ɗinki wani can ne zai ci.

Kai kanka, fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS da katin rigakafin shawara sun ishe ka zaman kwana 90 babu biza. Kayan gona ka karɓo musu takardar lafiya daga NAQS, hukumar da ke duba lafiyar kayan gona. In lodin babba ne, yi rajista da NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, ka cike fom ɗin fitar da kaya na NXP a bankinka. Direba kuma ka ga inshorarsa ta Brown Card, wato inshorar mota ta ECOWAS, da idonka kafin a ɗora buhu ɗaya.

Rashin kuɗin fito ba ya nufin kyauta. Benin na karɓar harajin VAT na kashi 18, ga shingaye tun daga Mile 2 har Badagry. Ku yanke magana da direba tun a tasha: kuɗin hanya yana cikin jinga ko a kanka yake? In ba ku yi haka ba, a kowane shinge zai kashe mota ya waigo ya dube ka. Abin da ka biya a taga, nemi rasit, ka sa a leda ɗaya da sauran takardu.

A Kwatano, farashi ka yanka shi da sefa. Ita a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 kan yuro ɗaya, naira kuwa tun Yunin 2023 aka sake ta tana yawo. Tambayi bankinka ko yana kan tsarin PAPSS, wanda ke ba mai saye damar biya da kuɗin ƙasarsa kai ka karɓi naira.

Kada ka zuba jarinka kaf a lodi ɗaya. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disamban 2020, mutane da dama kayansu a Seme suka lalace.

Accra kuma a yi hattara. Dokar zuba jari ta Ghana ta 2013 ta keɓe cinikin ɗai-ɗai a kasuwa ga 'yan ƙasa, a kanta aka sha garƙame shagunan 'yan Najeriya a Accra da Kumasi. Nemi fatoma a unguwar Nima ko wani zango, ka sauke masa a kan sari, ku rubuta adadin kaya da ranar biya a gaban shaidu.