Ɗaukar hoton biki a karkara lokacin kaka

Jama'a, duk wanda aka kira ɗaukar hoton biki a karkara da kaka, ya fara duba ƙarfe nawa rana za ta faɗi, don yini gajere ne. Ka roƙi ango da amarya minti 20 kacal a sa'ar ƙarshe kafin faɗuwarta, ka tsayar da su ranar na bayansu. Hasken nan mai ruwan zuma shi ke fito da ganyen da ya koma ja da rawaya.

Sai dai ganyen na da illa: yana watsa launinsa kan fata da fararen kaya. Kada ka bar kyamara ta daidaita launi da kanta, ka kafe shi wajen 5500K (ma'aunin launin hasken rana), ka ɗauka a RAW (ɗanyen hoto da kyamara ba ta sarrafa ba), gyara zai zo da sauƙi. Ni dai jan da ya wuce gona da iri ba ya burge ni.

In liyafar cikin rumfar katako ce mai duhu, buɗe idon kyamara sosai zuwa f/2, ka sa ISO (ƙarfin jin haske na kyamara) a 3200, saurin ɗauka kada ya gaza 1/200 na daƙiƙa. Ajiye batir na biyu a aljihu, sanyi na shanye caji.