Yadda za ka gane ƙasar da kake tsaye a cikinta a garin Baarle

Baarle gari ne ɗaya mai suna biyu: Baarle-Nassau na ƙasar Holan, Baarle-Hertog na Beljiyam. Mutanensa duka duka wajen dubu goma ne, harshensu ɗaya, kuɗinsu Yuro. Kuskuren farko da baƙo ke yi shi ne ya shigo yana neman layi guda da ya raba garin gida biyu, gabas da yamma. Babu wannan layin. Abin da ke akwai shi ne guntayen ƙasar Beljiyam guda 22 a warwatse cikin Holan, a cikin waɗannan guntayen kuma akwai wasu guda 7 na Holan, sai ɗaya na takwas da ya faɗa can cikin ainihin Beljiyam. Talatin ke nan. A taswira ana yi wa na Beljiyam lamba H1 zuwa H22, na Holan kuma N1 zuwa N8.

Kafin ka tashi, ka tanadi fasfo da bizar Schengen in kana buƙatarta, domin ƙasashen biyu duk suna cikin wannan yarjejeniya ta ƙasashen Turai da suka cire shingen iyaka a tsakaninsu. Ba shinge, ba jami'in da zai tsayar da kai a cikin gari, amma takardunka su kasance a aljihu. Jirgin ƙasa ba ya zuwa Baarle yanzu. Tsohon layin dogon da ya haɗa Tilburg da Turnhout an mayar da shi hanyar kekuna. Don haka bas za ka hau, ko daga Breda ko Tilburg ta ɓangaren Holan, ko daga Turnhout ta ɓangaren Beljiyam.

Da ka sauka, ka fara da kallon ƙasa. A gefen titi inda masu tafiya a ƙafa ke bi, an jera alamun gicciye farare, da harafin B a gefe ɗaya, NL a ɗaya gefen. A kan kwalta kuma ƙusoshin ƙarfe masu faɗin kai ne aka kafa. Layin yakan tsallake titi a karkace, ya bi ta ƙarƙashin teburin mai shayi, ya shige bangon wani gida ya ɓace. A nan mutane ke rikicewa, don sun ɗauka inda alamar ta ƙare nan iyakar ta ƙare. A'a, ta ratsa ɗakin mutane ne, za ka same ta a bayan gidan.

Mataki na biyu, kuma shi ya fi amfani: dubi lambar gida. Kowane allon lamba yana ɗauke da launin tutar ƙasarsa, baƙi da rawaya da ja na Beljiyam, ja da fari da shuɗi na Holan. Ƙa'idar ita ce gida na ƙasar da ƙofar gabansa take. Ko da kicin da ɗakin kwana da rabin falo suna Holan, in dai ƙofar shiga tana Beljiyam, a Beljiyam aka rubuta mazauna gidan. Shi ya sa za ka ga gidajen da aka toshe tsohuwar ƙofa da bulo aka fasa sabuwa taku biyu ko uku a gefe. Mai gidan ya yi ƙaura ne daga wata ƙasa zuwa wata ba tare da ya ɗaga ko tukunya ba, galibi saboda haraji ko dokar gini. In kana son ganin inda ƙa'idar ta cije, nemi titin Loveren. Akwai wani gida da layin ya tsaga ƙofarsa a tsakiya, lambobinsa biyu: 2 ta Beljiyam, 19 ta Holan. Guntun Beljiyam ɗin da yake ciki bai kai girman filin ƙwallo ba. Gidan mutane ne, ka ɗauki hotonka daga titi ka wuce.

Taswirar ba za ta zauna maka a kai ba sai ka san mafarinta. A 1198 sarkin Brabant (tsohuwar masarautar wannan yanki), Henry na ɗaya, ya ba mai mulkin Breda filayen wannan yanki, amma ya riƙe gonakin da ake nomawa suna kawo masa haraji. Kalmar Hertog sarautar wannan sarki ce. Breda ta koma hannun gidan sarautar Nassau a farkon ƙarni na 15, daga nan ɗaya sunan ya fito. Rabon gonaki ne tsakanin manya, ba wanda ya damu, har sulhun 1648 tsakanin Holan da Sifaniya ya jefa ɓangarorin biyu ƙarƙashin ƙasashe daban. Daga baya an haɗa su ƙasa ɗaya, amma bayan Beljiyam ta ɓalle daga Holan a 1830, masu shata iyaka suka zo a 1843, suka kasa ja layi tsakanin turken iyaka na 214 da na 215. Sai suka bi fili fili, guda 5,732, kowanne suka rubuta ƙasarsa. Rigimar wasu filaye biyu ta kai har Kotun Duniya da ke Hague, wadda ta ba Beljiyam gaskiya a 1959. Ba a kammala awon guntayen ba sai 1995.

Wajen sayayya ka riƙa lura da tutar shagon, domin dokar ƙasarsa ce ke aiki a cikinsa. Taba ta fi sauƙi a ɓangaren Beljiyam, kuma shagunan kayan wasan wuta sun taru a can saboda dokar Holan ta fi tsauri. Matsalar tana tasowa ne da zarar ka fito da kayan: taku kaɗan kana Holan, kuma abin da ya halatta ka saya bai zama lallai ya halatta ka riƙe ba. Lokacin annobar korona a 2020 an ga wannan ƙuru-ƙuru a shagon tufafi na Zeeman, wanda iyaka ta ratsa. Beljiyam ta rufe shaguna, Holan ba ta rufe ba, sai aka ja zare a tsakiyar shagon, kayan da ke ɓangaren Beljiyam kana kallonsu amma ba damar ɗauka.

Wayarka ma za ta yi ta tsalle tsakanin layukan ƙasashen biyu. In layinka ba na Tarayyar Turai ba ne, ka zaɓi kamfani ɗaya da hannu a saitin wayar, in ba haka ba kuɗinka zai zube. Lambar gaggawa 112 ce a ko'ina. In za ka aika wasiƙa ko kaya, ka rubuta ƙasar da lambar gidan waya daidai: 2387 ta Baarle-Hertog ce, lambar wayar Beljiyam tana farawa da +32, ta Holan da +31.

Mai niyyar zama ko gini shi ke da babban aiki. Magadan gari biyu ne, majalisu biyu, kuma filin da layi ya ratsa yana bukatar izinin gini daga ofisoshin biyu, kowanne da ƙa'idarsa. Kada ka biya kuɗin fili sai ka ga takardar awonsa daga hukumar filaye ta kowace ƙasa, ka kuma tsayar da inda ƙofar gaba za ta zauna tun a zanen gini. Ɗakin karatu da 'yan kwana-kwana dai na haɗin gwiwa ne, ba sa tambayar tutar ƙofa.