Yadda zaka ɗauki mai hoto na musamman idan ka fita hutu ƙasar waje

Duk wanda ya taɓa fita yawon hutu ya san wannan abin, ka kashe kuɗin tikiti, ka kashe na otal, ka sha wahalar biza, sai ka dawo gida ka buɗe waya kaga hotuna ɗari huɗu amma babu ko guda ɗaya da kuka fito kai da iyali gaba ɗaya, dan kullum mutum ɗaya ne ke riƙe da wayar. Ko kuma ka roƙi wani mai wucewa ya ɗauke ku, ya yanke muku ƙafafu ya cika hoton da sararin sama. Shi yasa mutane da yawa yanzu suke ɗaukar mai hoto ɗan garin da suka je, awa ɗaya ko biyu, ya zaga da su ya ɗauke su, bayan 'yan kwanaki ya turo hotunan. Abin ba wuya gare shi ba, amma akwai inda ake tafka kuskure, kuma kuskuren tun kafin a hau jirgi ake yinsa.

Wajen nema dai bashi da wani dogon bayani. Akwai kamfanonin da sana'arsu kenan su haɗa matafiyi da mai hoto, irinsu Flytographer da Localgrapher, sannan a Airbnb, manhajar kama masauki, ma ana samun masu tallar zagayen ɗaukar hoto. Waɗannan sun ɗan fi tsada tunda kamfani na cire nasa kason, amma idan mai hoton yayi ɓatan dabo akwai wanda zaka kama. Hanya ta biyu Instagram, ka rubuta sunan garin da kalmar mai hoto da Turanci ko da yaren ƙasar, zasu fito maka rututu. Nan an fi samun sauƙi kuma zaka iya ciniki, sai dai kai ne ɗan sandan kanka. Ka fara nema kamar wata ɗaya ko biyu kafin tafiya, musamman idan lokacin bazarar Turai ne, daga Yuni zuwa Agusta, dan masu kyaun aiki da wuri ake cinye musu ranaku.

Toh ga inda nake so mu daɗe. Shafin Instagram na mai hoto kamar kayan saman tire ne, mafi kyau ake jerawa a gaba. Mutum zai iya ɗaukar hoto dubu a wata ya zaɓi biyar ya ɗora, kai kuma ka ga biyar ɗin nan ka ce wannan ai gwani ne. Kar ka yarda da wannan kawai. Ka ce ya turo maka cikakken aikin da ya miƙa wa mutum ɗaya, tun daga hoton farko har na ƙarshe, ko ma na mutum biyu. A nan zaka gane ko hannunsa tsayayye ne ko sa'a ce take faɗo masa jefi-jefi. Ka duba idanun mutanen, sun fito tar ko sun yi dishi-dishi? Hannayensu fa, sun san inda zasu ajiye su ko sun tsaya ƙiƙam kamar masu hoton fasfo? Dan rabin aikin mai hoto shine ya iya gaya maka juya nan, sauke kafaɗa, kalli can, tunda yawancinmu bamu iya tsayuwa gaban kyamara ba.

Sannan abu mafi muhimmanci a wurina, wanda kusan babu mai faɗa maka: idan fatarka baƙa ce ko wankan tarwaɗa, ka nemi ganin hotunan masu irin fatarka a cikin aikinsa. Wallahi wannan ba ƙaramin abu bane. Kyamara tana auna haske ne ta duba abin da ke gabanta gaba ɗaya, so idan ka tsaya gaban farin gini da rana ta haske shi, irin gidajen tsibirin Santorini na Girka, ita kyamarar zata rage haske dan kar farin ginin ya ƙone, kai kuma sai fuskarka ta nutse ta koma inuwa, haƙora kawai ake gani. Wanda ya saba ya san zai auna hasken daga fuskarka ne, ko ya juya ka inda haske ke sauka a hankali, ko yasa faifan nan mai maido da haske. Wanda bai saba ba kuma sai ya je wajen editin ya yi ta ƙara haske har ka koma wani toka-toka, ko kuma ya mayar da kai fari sol, ka kalli hoton ka rasa gane kanka. Ni ya taɓa faruwa dani, wata tafiya da muka yi na ɗauki wani dan kawai shafinsa ya burge ni, ban lura duk mutanen ciki farare bane, da hotuna suka zo sararin sama yayi kyau, gine-gine sun yi kyau, mu kuwa kamar an shafa mana gari. Kuɗi sun riga sun tafi. Dan haka ka faɗa masa ƙarara tun farko, kalar fatata nake so yadda take, kar a ƙara min fari, kar a goge min fuska ta koma kamar roba.

Sai maganar lokaci, wanda a gaskiya ya fi wurin da za'a je muhimmanci. Masu hoto suna son awa ɗaya bayan fitowar rana da awa ɗaya kafin faɗuwarta, lokacin rana tayi ƙasa, haskenta yayi laushi yayi ja-ja. Tsakar rana kuwa ita ce mafi muni, haske daga sama yake dukan kai, ƙasan ido yayi baƙi, kowa na yamutsa fuska yana zufa. Idan ya ce maka a fito da asuba kar ka ce yana neman wahalar da kai ne. Dandalin Trocadero da ke Paris, inda ake samun hasumiyar Eiffel ta fito ɗoɗar a bayan mutum, da hantsi ya yi zaka tarar da jama'a maƙil, amma da fitowar rana kusan ku kaɗai ne sai sauran masu hoto. Taj Mahal a Indiya ma haka, ana buɗewa tun kafin rana ta fito, kuma ka sani ranar Juma'a a rufe yake ga masu yawon buɗe ido, kar ka je ka sa ranar hotonka a nan.

Kuma kar ka yi lissafi da agogon da ka saba. A Landan cikin watan Yuni rana na fitowa tun kafin ƙarfe 5 na safe, bata faɗuwa sai bayan 9 na dare, a Disamba kuwa kafin ƙarfe 4 na yamma ta faɗi. A Paris tsakiyar bazara har wajen 10 na dare da sauran haske. Kenan hoton safe a Landan a Yuni yana nufin ka tashi ƙarfe uku da wani abu ka shirya, idan da yara ƙanana ne ka ga ai sai dai na yamma. Ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya kuma rana da sauri take faɗuwa, kana cikin gyara ɗankwali ko hula haske ya tafi, so latti ko na minti ashirin asara ce babba, kuma yawancin masu hoto daga lokacin da aka yi alkawari suke fara ƙirga maka, ba daga lokacin da ka iso ba.

Wace rana a cikin tafiyar? Ni dai shawarata rana ta biyu ko ta uku. Ranar farko akwai gajiyar jirgi, ido a kumbure, wataƙila ma akwatinka bai iso ba. Ranar ƙarshe kuma idan aka yi ruwa shikenan babu damar ɗagawa. Masu zuwa Kapadokiya a Turkiyya dan hoton balan-balan ɗin nan masu tashi da mutane su suka fi sanin wannan, da sassafe suke tashi, kuma idan iska tayi ƙarfi hukuma hana tashin take yi gaba ɗaya, wani lokacin kwana biyu uku a jere. Wanda yasa hotonsa a safiyar ƙarshe sai ya dawo da hoton duwatsu.

Yanzu maganar kuɗi da yarjejeniya. Komai a rubuce, ko da a WhatsApp ne ko imel, ba a kiran waya ba. Minti nawa za'a yi, wurare nawa za'a je, hoto nawa zai baka waɗanda aka gyara, kwana nawa kafin ya turo, mutum nawa kuɗin ya ɗauka dan wasu suna ƙara kuɗi idan kun wuce wani adadi, sannan wa zai biya kuɗin shiga wuri da na mota tsakanin wurare, saboda idan wurin na tikiti ne yawanci kai zaka biya har nasa. Ka tambaya kuma idan aka yi ruwa ya za'a yi, idan jirginka ya makara fa, idan shi ne bashi da lafiya zai turo wani ko zai maido kuɗi. Kafin alƙalami abu ne da aka saba, kusan kowa zai nema dan ya riƙe maka rana, amma kar ka biya duka ga mutumin da a Instagram kawai ka sanshi. Idan ta PayPal, manhajar tura kuɗi ta intanet, zaka biya, ka zaɓi ɓangaren biyan kaya da aiki, dan kuɗin da ake turawa a matsayin 'yan uwa da abokai bashi da kariyar mai saye, idan aka gudu da kuɗinka babu mai bi maka. Duk wanda ya matsa lallai sai ka turo duka yau-yau ta hanyar da ba'a iya bin sawu, kuma ya ƙi yarda ku yi kiran bidiyo ko na minti biyar, rabu dashi. Ana satar hotunan wasu a buɗe shafi dasu.

Akwai wani abu da mutane basa sani sai ya faru. A dokar ƙasashe da yawa wanda ya ɗauki hoto shi ke da haƙƙin mallakarsa, kai izinin amfani dashi kawai ka saya, shi yasa zaka wayi gari kaga hotonka da matarka a shafinsa yana talla dashi, wani lokacin ma akwai layin da ya bashi wannan damar a takardar da ka amince da ita baka karanta ba. Idan baka son fuskar iyalinka ta shiga duniya, ka faɗa tun kafin ka biya, a rubuta cewa ba za'a ɗora ko'ina ba. Yawancinsu basa musu. Haka idan 'yar uwa ta fi sakewa da mace mai hoto, ta nemi mace kai tsaye, suna nan da yawa a kusan duk manyan biranen yawon buɗe ido. Kuma ka gaya masa irin tsayuwar da baku yi, dan su sun saba da cewa ma'aurata ku rungumi juna ku yi kaza, gara ya sani da wuri ya shirya wasu salon, da a tsaya ana jin nauyi a tsakiyar titi.

Ɗanyen hoto wanda suke kira RAW kuwa kar ka wahalar da kanka, yawancinsu basa bayarwa, kuma ko an baka sai da manhaja ta musamman zaka iya aiki dashi. Abin da kake buƙata shine JPEG mai cikakken girma wanda zaka iya wankewa ka sa a bango.

Dokokin wuri ma aikin mai hoton ne ya sansu, amma kaima ka ɗan sani dan idan aka kama ku tare za'a tsare. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ɗaukar mutum hoto ba da izininsa ba laifi ne da doka ke hukuntawa, ba wasa suke da shi ba. Masallacin Sheikh Zayed na Abu Dhabi yana da ƙa'idar sutura kuma ma'aikata na hana wasu irin tsayuwa. A unguwar Gion ta birnin Kyoto a Japan tun 2019 aka hana ɗaukar hoto a lungunan da suke mallakar mutane, da tarar yen 10,000. Taj Mahal basa barin sandar kyamara mai ƙafa uku, balle jirgin nan marar matuƙi mai ɗaukar hoto daga sama, wanda shi kuma a Maroko da Masar ba'a shiga dashi sai da izini, a filin jirgi ake karɓewa. Hasumiyar Eiffel da dare tana ƙyalƙyali na minti biyar a farkon kowace awa, hoton ajiyewa ko na ɗorawa a shafinka ba matsala, amma idan tallar kaya zaka yi dashi sai an nemi izini, tunda fitilun suna da haƙƙin mallaka.

Kaya kuma kar a cika. Kala biyu ko uku da suka dace da juna sun isa ga iyali gaba ɗaya, ba sai kowa yasa iri ɗaya ba. Ka guji yadi mai ƙananan layuka sosai, a kyamara wani rawa-rawa yake yi, da riga mai ƙaton rubutu a ƙirji. Ka tuna bayanka, idan sahara zaku shiga a Dubai kayan ruwan ƙasa zasu haɗe ka da yashi. Ka tura masa hoton kayan tun kana gida ya baka shawara. Takalmi mai tsini a tsoffin titunan dutse na Turai azaba ne, a riƙo shi a jaka a sa lokacin ɗauka kawai. Aljihu a zazzage, waya da makulli suna kumbura wando, kuma wani ya riƙe jaka dan wuraren nan masu cunkoso akwai 'yan sane. Yara kuwa a tabbatar sun ƙoshi sun yi barci, a fara da hotunansu tun basu gaji ba, minti talatin na farko shine naku, bayan nan sai abin da Allah ya yi.

Idan hotuna sun iso, yawanci linki zai turo na Google Drive ko wani shafin, kuma linkin nan ba dawwama yake ba, wasu bayan 'yan makonni suke gogewa. Ka sauke su duka ranar, a kwamfuta idan da hali, ka ajiye kwafi biyu a wuri daban-daban. Ka buɗe kowanne ka duba fuska da kyau, idan akwai gyaran da kake so ka faɗa cikin kwanakin farko tun aikin na gabansa. In zaka turawa 'yan uwa ta WhatsApp kuma ka tura a matsayin dokumen, dan idan ka tura a matsayin hoto kawai matse shi yake yi, wanda zai kai wanki ya ga ya fito da tsatsa-tsatsa.